Kututturai a Gonar Aro

A gidanmu na Birnin Kudu ba a tambayar yaro abin da zai zama idan ya girma, don an riga an sani. Kakanmu ya karantar, mahaifina ya karantar, yayyena maza kowa da zaurensa ko ajinsa na Islamiyya, matan kuma duk gidan da aure ya kai su sai ka tarar sun tara matan unguwa da yamma ana biya karatu. Ni ma na karantar shekara da shekaru, amma na daɗe ina fama kafin mahaifina ya yarda cewa abin da nake yi sunansa karantarwa. Wannan abu ya ci mini rai fiye da yadda na taɓa nuna wa kowa.

Malam muke ce masa, mu 'ya'yansa da ɗalibansa duka. Ni kuwa Uwata yake ce mini, saboda sunan mahaifiyarsa aka sa mini, bakinsa kuma ba ya iya kama sunan. Yana da wata magana da yake yawan faɗa, wai ilimi a zaune ake ba da shi, a durƙushe ake karɓarsa. Shi kansa shaida ne, don buzun da yake zama a kai a zaure har ya lotsa daidai jikinsa. Ni kuma sai Allah ya yi ni mai ƙaiƙayin ƙafa, ba na iya zama wuri ɗaya.

Idan da mai laifi a wannan, to takwarata ce, wato kakata. Ita ke haɗa tawadar makarantar gidanmu. Takan wanke baƙin gindin tukwane ta tace, ta dafa shi da ƙaro har ya yi kauri yana sheƙi. Ƙaron kuwa ba saye take yi ba. Takan ja ni mu fita bayan gari, mu bi gindin duwatsu ta hanyar Unguwar Ya, muna ɓamɓaro shi daga jikin farar ƙaya, mu yanko gamba da za a feƙe alƙaluma. Tana tafe tana gabatar mini da itatuwa kamar danginta. Wannan marke ne, ga kalgo, ga sabara mai maganin ciki, waccan aduwa ce, ki gaishe ta da kyau, da ita ake sassaƙa allon ubanki. Kowace shekara tafiyar tamu sai ta ƙara tsawo, don na kusa an sare su. Kafin ta rasu ƙaron ma a kasuwa ake sayo mata a ƙulle a leda, ta kwance ta shinshina ta ja tsaki.

Da na gama sakandare na tafi kwalejin horar da malamai na karanci kimiyya, daga baya aure ya kai ni Gwaram, aka ba ni koyarwa a wata firamare a Maruta. Har zuwa nan Malam bai da ta cewa, don ina da aji da allon bango da kujera. Abin ya sauya ne wata rana da nake koya wa 'yan aji huɗu amfanin itatuwa. Na tambaye su daga ina allon karatunsu na gida ya fito. Suka haɗa baki suka ce daga kasuwa. Na ce kafin kasuwa fa? Suka yi tsuru-tsuru suna kallona. 'Ya'yan manoma, waɗanda aka haifa a tsakiyar gonaki, sun haddace sunan sassan fure da Turanci amma ba su san aduwa ce uwar allonsu ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, na ajiye alli na ce kowa ya tashi ya biyo ni waje. Tun daga ranar ban ƙara koyar da wannan darasi a ƙarƙashin kwano ba.

Hedimastanmu mutum ne mai sauƙin kai, ya zuba mini ido. Da wata ƙungiya ta shirya wa malamai horo a kan muhalli a Dutse, ni ya tura, ya ce ai dama ke ce mai yawon. Na dawo da kai cike da dabaru. Labari kuma ya riga ni isa Birnin Kudu. Da na je gaishe da Malam, wani baƙo ya tambaye shi aikin da nake yi, sai ya gyara zama ya ce tana dai yawon daji da yaran mutane. Bai faɗa da faɗa ba, murmushi ma yake yi, amma da mari ya yi mini da ya fi sauƙi. Na koma Gwaram ina huci, maigidana yana ba ni baki, yana cewa gani ya kori ji, in bari aikin ya yi magana.

Makarantarmu ba ta da fili sai ɗan wurin da yara ke taruwa da safe. A bayanta akwai gonar wani dattijo, Alhaji, wanda jikokinsa da yawa suna ajina. Kusurwar gonar da ta manne da mu ta gaji, ko gero aka shuka sai ya fito kamar gashin jariri, don haka ya bar ta ta huta. Ni da hedimasta muka je muka roƙe shi aronta don yara su riƙa karatu a ciki. Ya ce ai ba komai, ga ta nan. Da damina ta kama sai aka aiko mana da dashe daga ofishin ƙungiyar da ta yi mana horo, darbejiya da mangwaro da itacen turare, kowanne a baƙar ledarsa. Muka yi ƙaramin biki, yara suka haƙa ramuka, muka dasa su layi-layi. Na koma gida ranar ina jin kaina kamar wadda ta ci gari da yaƙi.

Washegari da safe na tarar da dashen duka a ƙofar ofishin hedimasta. An tono su ɗaya bayan ɗaya da ƙasarsu, an jera su a inuwa, an lulluɓe saiwoyin da jiƙaƙƙen buhu don kada su bushe. Ko ganye ɗaya ba a karya ba. Wannan tsabtar aikin ta fi komai ba ni haushi. Ban ko ajiye jakata ba na nufi gidan Alhaji, na same shi a ƙofar gida yana gyaran ƙotar fartanya. Na durƙusa na gaishe shi kamar yadda aka koya mini, amma gaisuwar a gajarce ta fito. Ya bar ni na zazzage abin da ke cikina tas, sannan ya ajiye fartanyar.

Ya ce, "Malama, aro na ba ku, ban sayar ba. Wanda ya dasa itace a gona, wata rana jikokinsa za su nuna itacen su ce gonar kakansu ce. Ni zan mutu, ke za a yi miki canjin wurin aiki, mangwaron nan kuwa yana nan yana ba da shaida."

Na ce, "Baba, ai makaranta ba mutum ba ce, ba ta da jikoki."

Ya ce, "Ita ce ma ta fi kowa jikoki."

Na san wannan ƙa'ida, duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san ta. Mai aron gona yana shuka abin da zai girbe a shekararsa, ba ya dasa abin da zai fi shi daɗewa. Ɗoki ne ya rufe mini ido, su kuma na ofis da suka aiko da dashen ba su taɓa tambayar ƙasar wa za a sa shi ba. Alhaji ya ce mu ci gaba da zama a filin muna karatu in muna so, amma kada a ƙara haƙa rami ko na tsawon yatsa. Muka raba wa iyayen yara dashen suka kai gidajensu, ni kuma na rage da fili fetal da rana a ka. Na san idan labarin ya isa zauren Malam, za a ce yawon ma ya ƙare a banza.

Ina tsaye a filin nan da yamma ina cizon yatsa, sai na yi tuntuɓe da wani kututture har takalmina ya tsinke. Na sunkuya zan yi masa Allah ya isa, sai na ga ya yi toho kewaye da shi, tsirrai sun fi goma, sirara, suna cunkushe da juna. Na duba ganyen da ƙayar, na ga aduwa ce. Na ɗaga kai na ga wani can, kalgo, ga wani gawo, ga magarya, ga farar ƙaya. Filin da nake kira fetal cike yake da su. Kowace bazara ana sare su a ƙone, kowace damina su sake fitowa, don saiwarsu tana can ƙasa da ranta, wata ta girme ni. A horon Dutse an yi mana bayanin yadda ake raya irin waɗannan, amma a lokacin hankalina yana kan dashe mai leda, don shi ake ɗaukar hoto da shi. Na tsaya da takalmi ɗaya a hannu ina dariya ni kaɗai.

Na koma wurin Alhaji, wannan karon da cikakkiyar gaisuwa. Na tambaye shi itacen da Allah ya shuka da kansa a gona na wane ne. Ya ce na mai gona ne mana, wa zai yi jayayya? Na ce to ba za mu dasa komai ba, aski kawai za mu riƙa yi wa itatuwansa, mu wanzamai ne, kan kuwa nasa ne. Duk reshen da muka yanke za a ɗaure a kai gidansa a yi girki da shi. Ya dube ni ya dube ni, ya ce bai taɓa ganin wanzamin sabara ba, amma in je in gwada.

Aikin ba wuya gare shi ba, haƙuri yake so. A kowane kututture za a duba tsirran a zaɓi biyu ko uku mafiya ƙarfi da miƙewa, a yanke sauran da wuƙa mai kaifi, ana yanka daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya yage. Waɗanda aka bari a rage musu rassan ƙasa, a ɗaura musu jan ƙyalle don mai wucewa ya san da mai su, a kewaye su da ƙaya saboda awaki. Na raba wa kowane yaro kututturensa. Ba tare da na shirya ba sai na ga ina bin tsarin zauren gidanmu, inda kowane ɗalibi da allonsa da inda karatunsa ya tsaya. Kowa zai zo ya biya mini itacensa, sunansa da amfaninsa da abin da ya sauya tun wancan mako, manya su riƙa duba na ƙanana. Wanda ya ƙware a nasa sai in ƙara masa wani. Mata a gari suka laƙaba mini Malama mai adda, na amsa da hannu biyu.

Bayan girbi aka saki dabbobi kamar kullum. Dashen da iyaye suka kai gida mafi yawansu awaki suka yi kalaci da su, namu kuwa ko an ɗan gwaigwaye su sai su sake tohowa, ba kuma wanda ya taɓa ɗauko musu ruwa ko na moɗa ɗaya. Babbar jarrabawar sai da bazara ta zo, lokacin sassabe. A wajenmu darajar manomi tana ga tsabtar gonarsa. Kafin ruwan farko ya kamata a ga ta a share ƙal, an sare komai an tara an cinna wuta, wanda kuma ya bar ɗan daji a tasa sai a ce rago ne ko tsufa ya cim masa. Maganar ta fara yawo a majalisa cewa Alhaji ya gaza, har mace da yara sun mayar masa da gona kurmi. Maganar ta ƙona wa 'ya'yansa maza rai sosai.

Wata safiya muna cikin aji na hango su ta taga, su uku da adduna da ashana, sun nufi kusurwarmu. Yaran ma sun gani. Kafin in kai ƙofa sun riga ni, kowa ya ruga ya tsaya a gaban itacensa. Wasu daga cikinsu iyayensu ne ke riƙe da addunan. Ba wanda ya yi rashin kunya, sun dai tsaya kawai, wata ƙarama ta rungume gawonta da ƙayarsa da komai. Na gaishe da mazan na roƙe su a jira Alhaji. Da ya iso yana dogara sanda, na ce masa ya ba mu damina biyu ko uku, in ya ga ɓarna ni da kaina zan riƙe addar. Ya bi filin a hankali yana duba ƙyallayen, yana taɓa inda aka yanka. Ya tsaya a kan aduwar da ta tsinka mini takalmi, wadda a lokacin ta kai masa ƙirji, ya ce ubansa ne ya sare uwarta shekarar da aka yi masa kaciya, ashe ba ta mutu ba. Sai ya juya ya ce wa 'ya'yansa su je su share sauran gonar, nan kuwa duk mai cewa ya tsufa ya zo ya faɗa masa a gabansa.

Sannu ba ta hana zuwa. Cikin 'yan shekaru itatuwan suka wuce tsawon mutum, muka samu inuwar da muke zama. Ganye ya riƙa zuba yana ruɓewa, dabbobi suna kwanciya a gindinsu da rani suna barin taki. Alhaji ya karɓi kusurwarsa ya shuka gero a tsakaninsu, ya ce mu ci gaba da karatunmu, mu dai kiyaye masa kunyoyin shukarsa. Geron gindin gawo ya fi na ko'ina, don gawo da damina yake zubar da ganyensa ya bar wa shuka rana. Masu cewa ya gaza suka fara zagayowa wai wucewa suke yi. Wata bazara na hangi jan ƙyalle a gonar maƙwabcinsa, ta gaba na ga wasu a hanyar Dingaya, inda ko sau ɗaya ban taɓa zuwa da yara ba. Daga baya aka ɗauke ni daga aji ɗaya aka ce in riƙa zagaya makarantun Gwaram da Birnin Kudu ina nuna wa malamai yadda ake karatu a waje. Na ji daɗi har raina, amma duk wanda ya yaba mini sai in tuna akwai mutum ɗaya da bai gani ba.

Ranar wata Alhamis ce Malam ya zo, don ranar ce ba a karatu a zaure. Ta'aziyya ta kai shi Dingaya, a hanyar dawowa ya ce a biya da shi ya ga Uwata. Ba a same ni a gida ba, aka kwatanta masa gonar. Ina tsakiyar yara da adda a hannu, zanina duk ƙarangiya, na ɗaga kai na gan shi tsaye a bakin iyaka cikin farar babbar riga. Na rasa inda zan ɓoye addar. Alhaji ya tarbe shi, ya sa aka shimfiɗa masa tabarma a gindin aduwa. Na je na durƙusa na gaishe shi, ya ce in koma kan aikina, kada in katse saboda shi.

Na koma kan aikina. Yara suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya suna biya itatuwansu, wanda ya yi kuskure na gaba da shi ya gyara masa. Na saci kallon Malam na ga ya karkata kai gefe guda, yadda yake yi idan yana sauraron hadda. Can sai ya yafito wata yarinya ya tambaye ta itacen da yake zaune a ƙarƙashinsa. Ta ce aduwa ce, ana shan 'ya'yanta, ana miya da ganyenta, da ita kuma ake sassaƙa allo. Ya tambaye ta tawada fa, da me take kama allon? Ta ruga gindin farar ƙaya ta ɓamɓaro ƙaro ta kawo masa a tafin hannu. Ya karɓa ya daɗe yana juya shi, sannan ya kai hanci ya shinshina, daidai yadda mahaifiyarsa take yi, amma shi bai ja tsaki ba. Ya miƙa hannu ya karyo gamba ɗaya daga wadda Alhaji ya bari a kan iyaka, ya zaro 'yar wuƙarsa daga aljihu ya feƙe alƙalami ya ba yarinyar.

Aka tashi yaran. Malam ya miƙe ya riƙa zagaya filin, ni da Alhaji muna biye. A can ƙarshe akwai wani kututturen marke da ba mu kai ga gyara shi ba, tsirransa a cunkushe. Malam ya tsaya a kansa. Ya ce gonarsa ta bayan gari cike take da irin wannan, shekara da shekaru yana sa a ƙone su. Sai ya naɗe hannun babbar rigarsa a kafaɗa, ya tattare ta, ya durƙusa a ƙasa a gaban kututturen da wuƙarsa a hannu. Ban taɓa ganin gwiwar mahaifina a ƙasa ba sai a salla.

Ya ɗago kai ya dube ni, ina tsaye a kansa. Ya ce, "To, Malama, wanne ake bari, wanne ake yankewa?"

Hawaye suka cika mini ido har ban iya ganin tsirran sosai ba. Na goge da bakin mayafina, na sunkuya na nuna masa guda biyu da suka fi miƙewa, na ce ya yanka daga ƙasa zuwa sama kada ɓawon ya yage. Ya yanka na farko ya ɗan karkace, na ce ya sake, ya sake.